Wilin Ciyaman Mai Ɗaukar Ido

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar sanin inji, a fara da Ciyaman ɗinmu, sannan a zauna a huta kafin a nemo na biyu. Shekara huɗu ke nan yana shugabancin ƙungiyar manoman shinkafa, kuma tun ranar da ya dawo daga wata bitar kwana uku da aka yi a babban birni kan injinan noma, ba wanda ya sake samun sukunin sanin komai a gabansa. Ya dawo da takardar shaida, da jaka mai igiya, da hular hana-salla mai hoton tarakta a goshi. Takardar tana rataye a ofis, daidai inda idon mai shigowa zai fara sauka. Masoyansa suna ce masa Injiniya. Waɗanda suka fi son sa suna ce masa Injiniyan Kwana Uku, amma sai ya ba da baya.

Ba a taɓa ganin baƙin mai a hannunsa ba, kuma wannan ma ƙwarewa ce. Ƙananan makanikai ne ke kwanciya a ƙarƙashin inji suna ɓata riga. Shi daga nesa yake gyara. Zai goya hannu a baya, ya karkata kai ya saurari ƙara, sannan ya ce, “Matsalar daga ciki take.” Har yau ba a taɓa kama shi da kuskure ba, domin duk injin da aka buɗe, a ciki ake samun matsalar.

Dukiyar ƙungiya guda ɗaya ce tak, injin girbi, ƙaton nan mai yanka shinkafa ya buge ta ya sheƙe, ya tara tsabar a rumbun da ke bayansa. Manyan tayoyi biyu na gaba su ke jan sa, ƙanana biyu na baya su ke juya shi. Mai tuƙa shi wani dattijo ne da kowa ke kira Direba. Shekararsa ashirin a kan irin waɗannan injina, maganarsa ta yini guda kuwa ba ta cika cikin cokali ba. Laifinsa ɗaya ne, bai taɓa zuwa bita ba.

Ana saura kwana kaɗan a fara girbi, tayar gaba ta hagu ta yage a gefe, irin yagewar da mai faci ya duba ya girgiza kai ya mayar da kayan aikinsa cikin akwati. Ta dama lafiyarta lau. Direba ya ce magana ba ta da tsawo: a kwafi lambar da ke jikin tsohuwar, a sayo irinta sak, a ɗaura a kan wilinta, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, kafin yamma inji ya tashi. Ciyaman ya dube shi da tausayi mai yawa.

“Ka ji illar rashin karatu,” in ji shi. “Abin da aka gada, shi za a yi ta maimaitawa har a mutu. Wannan ba yagewar taya ba ce, dama ce ta zo mana har gida. Za mu sake fasalin ƙafafun injin nan gaba ɗaya, a kimiyyance.”

A ranar ce yayarsa ta shigo ofis. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta share masa majina har ya yi wayo, kuma ita kaɗai ce a duniya ke kiran sa Auta a gaban mutane ba tare da ta rage murya ba. Mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mata gona ɗaya a gangare bakin rafi, da gida cike da ’ya’ya da jikoki. Shinkafar gonar nan ita ce abincin gidan na shekara, ba su da wata. Gonar ta fi ta kowa kwari, ta fi ta kowa laka, ita ke fara nuna, shi ya sa kullum ita ce ta farko a layin inji. Bana shinkafar ta yi kyau har zangarniya ta sunkuya. Idan ta ƙara mako guda a tsaye za ta fara zuba, idan kuma ruwan ƙarshen damina ya sauko rafi ya cika, gonar ta zama ta agwagi.

“Auta, masu yankan hannu sun zo neman aiki, gobe za su yi gaba. In riƙe su ko in sallame su?”

Ciyaman ya saci kallon sakatarensa, ya gyara hula. “Yaya, a ofis Ciyaman ake cewa. Sannan wane irin lauje kuma a wannan zamani? Yayar shugaban ƙungiya guda a gan ta da masu lauje, ina zan sa fuskata? Sallame su. Jibi war haka shinkafarki tana cikin buhu.”

Ta san ƙanenta sarai. Amma ta ɗaga kai ta ga takardar nan a bango da hatimi har biyu, ta ce a ranta wataƙila dai cikin kwana ukun an koya masa wani abu. Ta koma ta sallami masu lauje.

Washegari Ciyaman ya rataya jakar bita, ya ja Direba zuwa babban shagon taya, ba don shawara ba, don dai a samu mai ɗagawa. Shagon dogon zaure ne mai warin roba, tayoyi jibge har rufi. Mai shagon mutum ne mai tsoron Allah daidai gwargwado. Abu uku ya tambaya: wane irin inji ne, yaya nauyinsa idan rumbu ya cika, kuma wace irin ƙasa yake takawa. Direba ya amsa duka ukun a numfashi ɗaya. Mai shago ya kai su can lungu, ya kakkaɓe ƙura daga jikin wata baƙar taya mai faɗi, mai manyan haƙora a karkace. Ya ce faɗin nan shi ke raba nauyin inji kada ya nutse, haƙoran kuma su kama laka su tofar da ita ta gefe. Lambarta ɗaya da tsohuwar. Guda ɗaya ta rage masa, kuma guda ɗaya ake nema.

Ciyaman ya ɗan taɓa ta da bakin takalmi, ya yamutse fuska. Ya ce shi bai baro ofis don ya sayi muni ba.

Yana juyowa idonsa ya faɗa kan wasu tayoyi biyu da aka jingine a bakin ƙofa. Dogaye ne, sirara, zanensu ƙanana a jere gwanin sha’awa, kowace a ɗaure kan wili mai ruwan azurfa. Ya matsa ya leƙa, sai ga fuskarsa a ciki, har da hular da hoton taraktar. To a nan fa ciniki ya ƙare, sauran duk surutu ne.

Mai shago ya ce waɗannan na injinan ɗaukar kaya ne da ke yawo a kan siminti a masana’antu, ba su san laka ba, laka ba ta san su ba. Ciyaman ya yi murmushin malami, ya ajiye jaka a kan benci.

“Bari in ɗan ba ku abin da muka karanta, kyauta. Taya mai faɗi, laka mai yawa take takawa. Laka mai yawa kuwa matsala mai yawa ce. Siririya fa? ’Yar kaɗan take taɓawa ta wuce abinta. Ku ɗauki wuƙa, ku ɗauki faranti, ku je bakin rafi ku gwada mini wanda zai ratsa laka. Wannan ba ra’ayina ba ne, kimiyya ce.”

Direba ya kashe kusan rabin maganarsa ta yini. “Ranka ya daɗe, ba ratsawa muke so ba. Tafiya a kai muke so.”

Ciyaman ya ce shi ya sa har yanzu yake direba. Mai shago ya faɗi gaskiya sau biyu, ya ga ba mai sayen ta, sai ya sayar da taya. Dama shekararsu biyu a bakin ƙofar nan ba wanda ya ko taya.

Da aka kawo su rumfar inji, sai wata ’yar ƙaramar magana ta taso. Ƙafar inji noti goma take ɗauka, sabon wili kuwa rami takwas gare shi. Da wani ƙaramin shugaba ne, da ya ji kunya. Ciyaman ya ce ai wannan ci gaba ne, duniya ta daɗe da gano cewa noti biyun nan ɓarnar ƙarfe ne. Aka kira mai walda ya yanko farantin ƙarfe, ya huda, ya liƙa, ya sake hudawa saboda na farko ya karkace. Kwana uku aka yi ana wannan. Rana ta huɗu ta tafi wajen mai fenti, wanda ya rubuta sunan ƙungiya a gefen inji da ƙananan baƙaƙe, ya rubuta muƙamin Ciyaman da manya.

Kowace safiya Yaya takan shigo ofis da zangarniya ɗaya a hannu. Sai ta kaɗa ta sau ɗaya a kan teburin Ciyaman. Ranar farko ƙwaya uku suka faɗo. Rana ta uku sai da ya ɗaga takardunsa. Rana ta biyar zangarniyar ta kusa tashi tsirara. Shi kuma yakan share da gefen hannu, ya ce mata kimiyya ba ta son gaggawa.

Kada a ce bai yi komai ba a kwanakin nan. Ya sa an ɗauko tsofaffin tayoyin, mai yagar da lafiyayyar duka, an tsaga su biyu, an shafe su da farin fenti, an cika su da ƙasa, an dasa furanni a ƙofar ofis. Ya ce baƙo ya kamata tun daga bakin ƙofa ya gane ya zo wurin da aka waye. Direba bai sani ba sai da ya zo ya tarar da lafiyayyar tayarsa rabi a hagun ƙofa rabi a dama, ana ba ta ruwa. Ya daɗe tsaye yana kallo, sannan ya wuce ya zauna a inuwar inji.

Saura iska. Direba ya roƙi mai faci ya bar tayoyin da ɗan laushi, ko sa ɗan baje ciki a kan laka su rage wa kansu sharri. Ciyaman ya ji, ya taso da kansa.

“Taya mai tumbi a injin ƙungiyata? Mutane su ce ko iska ta gagare mu? Ƙara mata. Ina so in buga in ji ta amsa.”

Aka yi ta ba su iska har suka yi tauri kamar dutsen niƙa. Ya buga da takalmi, babban yatsansa ya amsa kafin tayar, ya cije ya ce yanzu ya ji aiki.

Rana ta bakwai da hantsi aka fito. Gaskiya dai ɗaya ce, a kan kwalta tayoyin nan sun yi rawar gani. Inji yana tafiya sumul, wili yana walƙiya har masu babur suna kare ido. Ciyaman ya hau matakalar gefen direba ya tsaya, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya yana ɗaga wa jama’a. ’Yan ƙungiya suna biye a ƙafa, wasu suna ɗaukar hoto da waya. Da a kan kwalta ake shuka shinkafa, da yau ana koyar da sunansa a makarantu. Can gabas kuwa hadari ya fara haɗa gira, amma ba wanda ya so ya ɓata taro da zancensa.

Yaya tana tsaye a kan kunyar gona da buhunan da ta wanke ta shanya tun mako guda. Inji ya shiga ta gefen tudu, inda ƙasa ta ɗan bushe. Layin farko ya tafi lafiya, tsaba tana zuba cikin rumbu shar-shar. Fuskar Yaya ta saki, har ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah. Ciyaman ya sa aka tsaya domin ya yi wa tarihi bayani.

“Jama’a, ido ba ya ƙarya. An ce za ta nutse. An ce ban sani ba. Har da masu nuna mini wata ƙazamar taya a lungu. To ga shi. Ban riƙe kowa a zuciya ba, wanda bai je bita ba ba laifinsa ba ne.”

Bayan layi na uku rumbu ya kusa cika. Direba ya ce a juye a buhu tukuna kafin a gangara kwari, domin inji ya yi nauyi. Ciyaman ya ce masu hoto suna jira su ga rumbu cike maƙil, a gangara.

Aka gangara. Siririyar taya ta cika alkawarin da aka yi a madadinta, ta ratsa laka kamar wuƙa. Abin da ba a kai ga koyarwa ba cikin kwana ukun shi ne, wuƙa idan aka danna ta ƙasa take nufa. Inji ya yi wani nishi ya tsaya.

“Ba ta wuta,” in ji Ciyaman.

Direba ya ce wuta za ta ƙara haƙa rami. Ciyaman ya ce shi ke shugabanci ko Direba. Aka ba ta wuta. Ƙananan zanen nan masu kyau suka cike da laka nan take, taya ta koma sulɓi, tana juyawa wuri ɗaya tana watso taɓo har kan hular bita. Rabin wili ya ɓace, sannan notin takwas, sannan azurfar gaba ɗaya. Inji ya karkata hagu ya zauna da cikinsa a tsakiyar gonar, daidai inda shinkafar ta fi kyau.

Aka aro tarakta ta zo ja. Don ta isa wurin sai da ta bi ta kan shinkafar da ke tsaye. Ta ja, ta haƙa nata ramukan biyu, ta koma ta sake zagayowa ta wani gefen, ta sake ja, sarƙa ta tsinke. Mai taraktar ya ga tasa ma tana neman zama, ya tattara ya fice. Kafin azahar kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ya koma kwaɓaɓɓiyar laka da zangarniya a ciki.

Ciyaman ya sauko daga matakala zuwa kan wani katako da aka shimfiɗa masa. Ya goya hannu a baya, ya karkata kai, ya yi nazari mai zurfi.

“Matsalar daga ƙasa take,” in ji shi. “Wannan ƙasar ba ta dace da tayar ba. Za mu kafa kwamiti.”

Direba ya ce da jak da katako za a iya ɗago injin cikin kwana biyu. Ya ce baƙar tayar nan tana nan a lungun shago, da an haɗa ta da lafiyayyar tamu ta dama, da an ƙarasa abin da ya rage. Sai kowa ya tuna da furannin ƙofar ofis, waɗanda a safiyar ranar ma an ba su ruwa.

Yaya ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙin kallo. Ta tsaya tana duban abincin gidanta na shekara a ƙarƙashin laka. Abin ya ci mata rai, kuma ba shinkafar kaɗai ba. Ta ji haushin kanta da ta bar takarda a bango ta rinjayi abin da ta sani tun yana rarrafe. Ta juya ta tafi. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo da ’ya’yanta mata, da surukarta, da maƙwabta biyu, tana janye da wani tsohon buhu. Ta zazzage shi a kan kunya, lauzuna suka zubo, na gidanta da na aro.

Direba ne ya fara ɗauka. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga. Mai faci ya bi shi, sakatare ya bi, masu hoto suka mayar da waya aljihu suka bi. Iska ta fara kaɗawa da sanyi, hadari ya rufe rabin sama. Lauje biyu suka rage a ƙasa, mutum ɗaya ya rage a kan katako.

“Auta.”

“Yaya, a bainar jama’a Ciyaman ake...”

“Auta, sauko.”

Ya sauko. Laka ta karɓi takalminsa na dama ta riƙe, ya taho da ƙafa ɗaya a safa. Ya tsaya a kan lauzunan biyu. Ɗaya na mahaifinsu ne, baƙi ƙirin, ƙotarsa naɗe da tsumma, bakinsa ya sirance saboda wasawar shekaru, ko gashi ya taɓa sai ya raba shi. Ɗayan sabo ne fil, mai jar ƙota, takardar shago tana manne a jikinsa, ba a taɓa kai shi kan dutse ba. Ciyaman ya duba wannan, ya duba wancan, da idon gwani. Ya ɗauki mai ƙyallin.

Yaya ta sunkuya ta ɗauki na mahaifinsu, ta shiga gona.

Abin da aka iya ceta a ranar bai kai rabi ba, kuma hannun mutane ne ya ceto shi, ana yanka ana gudu da dami zuwa tudu. Daren ranar rafi ya cika ya kwashe sauran. Gidan Yaya zai ci shinkafarsa wata biyar, sauran watannin sai yadda Allah ya yi.

Amma kada a raina gudummawar Ciyaman. Har ruwa ya sauko yana nan a kan gindin shinkafar da ya fara kamawa, yana goga mata sabon laujensa gaba da baya, tana lanƙwashewa tana miƙewa, yana yi wa na kusa da shi bayani cewa matsalar daga shinkafar take.